Inda Feshin Yake Sauka

Aikin da na fara cin abinci da shi bayan na bar makaranta shi ne ƙirga ɗigo. Jikokina dariya suke yi in na faɗi haka, su ce wace irin gwamnati ce za ta biya ƙato albashi don ya zauna yana ƙirga ɗigo. To an biya ni, kuma aikin ba na wasa ba ne. A shekarun da aka buɗe sababbin gonakin auduga a wajen Managil, a ƙasar Larabawan nan da ke kan tsohuwar hanyar hajji ta ƙafa, jirgin sama ne ke yi wa auduga feshin maganin ƙwari. Ƙaramin jirgi ne mai ɗaukar mutum ɗaya, yana bin gonaki ƙasa-ƙasa yana zubo magani kamar yayyafi. Mu kuma a ofishinmu aikinmu shi ne mu san inda yayyafin nan yake sauka, domin ba inda aka sake shi yake faɗawa ba. Iska ce ke ɗaukarsa. Manyan ɗigo su faɗi kusa, ƙanana su yi gaba, wasu kuma zafin rana ya shanye su tun kafin su taɓa ganye.

Maigidana a ofis injiniya ne, kuma Balarabe ne daga arewacin ƙasar, siriri, mai haƙuri da lissafi, marar haƙuri da mutane. Shi ya haɗa lissafin da muke aiki da shi. Ka ba shi ƙarfin iska da inda ta fito, ka ba shi nisan jirgi daga ƙasa, ka ba shi girman ɗigon da bututun feshi ke fitarwa, sai ya zana maka a takarda yadda maganin zai kwanta a kan gonaki, nan da kauri, can shara-shara. Don a gwada ko lissafin gaskiya yake faɗa, sai a zuba rini a cikin maganin, a shimfiɗa fararen katuna a ƙasa tsakanin kunyoyi kafin jirgi ya zo. In ya wuce a kwaso katunan a kawo mini, in sa gilashin ƙara girma in ƙirga ɗigon da ke kan kowane. In katin ya yarda da lissafi, maigidana ya sha shayinsa cikin daɗi. In bai yarda ba, ranar kowa ya shiga taitayinsa.

Gonakin suna da yawa, mu kuma ba mu da yawa. Safiyar feshi ni ina filin da jirgi ke tashi, ina tsaye gaban na'urar auna iska, wasu 'yan kofuna ne a kan sanda da ke juyawa, ina rubuta abin da ta nuna. Saboda haka ba mu ne ke shimfiɗa katunan ba. Akawun ofis ke rubuta sunan mai gona a kan kowane kati da Larabci, ya ba samad, wato shugaban manoman layi, shi kuma ya raba musu ya gaya musu inda za su ajiye: ɗaya a goshin gona, wasu a tsakiya, ɗaya a wutsiya, duk a ƙasa. Bayan feshi kowa ya tattara nasa ya mayar.

Cikin manoman nan har da babana.

Babana ya baro ƙasar Hausa yana saurayi, da ƙafa, da niyyar hajji. Guzuri ya ƙare masa a nan ƙasar, a garin Makwar, lokacin ana aikin dam, ya tsaya ya ɗauki ƙasa a ka, daga nan zama ya kama shi. Ya yi aure, ya haife mu, ya tsufa yana tsinkar audugar mutane ana biyansa. Sai da gemunsa ya yi furfura sannan ya samu hawasha, wato gonar da hukumar noma ke ba manomi ya riƙe. Ba taka ba ce halak malak. Ruwa nasu ne, iri nasu ne, dokar shuka tasu ce, kuma in audugarka ta yi ta lalacewa shekara bayan shekara, suna da ikon karɓewa su ba wani. Mutanenmu ba kasafai suke samu ba, galibi mu ne 'yan ƙwadago. Ranar da aka rubuta wa babana hawasha, Inna ta ce bai ci abinci ba, ya je ya zauna a bakin gonar yana kallon ƙasa baƙa ba komai a kanta, har la'asar.

Gonar tasa ita ce ta ƙarshe a layinsu, can kudu, ta jingina da babbar tur'a, wato hanyar ruwa, wadda aka dasa wa dogayen itatuwan turare a gaɓa. Shekarun farko lafiya lau. Da itatuwan suka yi tsawo sai audugarsa ta fara ciwo, amma a lokacin ba wanda ya haɗa wannan da wancan. Wani ɗan farin ƙuda ne, ƙarami, yana zama a bayan ganye yana tsotsa, yana barin wani danƙo da muke kira asala, audugar ta manne ta yi baƙi. Na maƙwabta sai jirgi ya wuce ƙudan ya mutu. Na babana sai ka ce abinci aka zuba masa. Shekara biyu a jere audugarsa ba ta kai ko'ina ba, mufattish, wato mai duba gonakin yankin, ya aiko masa da gargaɗi. Shekarar da nake ba da labari ita ce ta uku, kuma kowa a ƙauyenmu ya san in ta sake lalacewa hawashar ta tafi.

Ni kuwa da aka fara gwajin katuna a layinsu, murna na yi. Na ce yanzu za a ga gaskiya a fili, za a ga magani ba ya isa gonar babana, ba lalaci ba ne. Mutumin da ke riga zakara tashi, wa zai kira shi malalaci?

Katunan feshin farko suka zo. Na ajiye na kowa gefe na fara da nasa. Suna cike da ɗigo maƙil, sun fi na kowa a layin. Na goge gilashi na sake dubawa, abin bai canja ba. Kuma ba yawan kawai ya ɗaure mini kai ba. Katin goshi da na tsakiya da na wutsiya duk ɗaya suke, kamar da hannu aka yayyafa musu a faranti guda. A gonar kowa akwai bambanci tsakanin wannan gefe da wancan, domin iska ba ta raba abu daidai. Lissafin maigidana ya ce gonar ƙarshe za ta samu magani matsakaici, yana raguwa zuwa wutsiya. Katuna suka ce ta samu fiye da kowa, ko'ina daidai. Auduga kuma a gona tana cewa ba ta samu komai ba.

Maigidana bai san auduga ba, kuma ba ruwansa da gonar wane ce. Shi dai ya ga kati ya ƙaryata lissafinsa, abin ya tsaya masa a rai. A wurinsa kati ba ya ƙarya, domin kati ba shi da baki, don haka lissafin ne ke da aibi. Muka shiga neman aibin.

Ya fara da ni. Ya ce idona ne, ya karɓi gilashin ya ƙirga da kansa, ya samu abin da na samu, bai ce yi haƙuri ba. Muka koma kan na'urar iska. Ya ce ƙila ƙura ta shiga ƙarfenta tana juyawa a hankali, tana ba mu iska ƙasa da yadda take. Muka kwance ta, muka wanke da kananzir, muka sa mai, muka gwada ta da ta wani ofis, ashe lafiyarta ƙalau. Ya ce to iskar filin jirgi daban, iskar gona daban. Muka ciro ta muka kafa a tsakiyar gonaki, aka ɗan samu bambanci, amma bai kai ya bayyana abin da katunan ke nunawa ba. Muka je wa jirgin kansa. Makanikin ya kwance mana bututun feshi ɗaya bayan ɗaya yana ƙunƙuni, muka samu wasu bakinsu ya cinye ya yi faɗi, suna fitar da ɗigo manya. Aka canja su. Maigidana ya gyara girman ɗigo a lissafi, sauran gonakin suka ƙara daidaita, har ya yi murmushi. Feshi na biyu ya zo, katunan babana suka dawo yadda suke, cike maƙil, duk iri ɗaya.

Daga nan ya tuna da itatuwan. Ya ce ƙila iskar arewa in ta bugi jeren turaren nan sai ta naɗe ta dawo, ta zubar da duk abin da ta ɗauko a gindinsu. Muka je da rana muka ƙona ɗanyar ciyawa a bakin tur'a muna kallon hayaƙi. Hayaƙin bai dawo ba, hawa ya yi ya tsallake itatuwan ya yi tafiyarsa. Na ce masa ga shi bai dawo ba. Ya ce iskar rana daban, ta safe daban. Ya koma ofis ya ƙara wani reshe a lissafin don wannan naɗewar iska da ba wanda ya gani, ya yi ta murɗa lambobi har gonar babana ta zauna daidai a takarda. Da ya gwada sabon lissafin a wani layi mai itatuwa irin waɗannan, sai ya watse gaba ɗaya. Ya jefar da fensir. An bar jaki ana dukan taiki, amma a ranar ni ma ban san inda jakin yake ba.

Ana cikin haka babana ya ɗauki samad suka je wurin mufattish. Ban ji daga bakinsa ba. Ni ne ɗan fari, tsakanina da shi akwai kunya, ko sunana ba ya kira, balle ya zauna ya kawo mini kuka. Inna ce ta tare ni a zaure ranar Juma'a da na zo gida.

Ta ce, “Kai, mi kunka rubuta ga takardunku? Tsohonga ya tahi wurin mufattish ya ce magani bai sabka ga hawasha tai. Anka hiddo mai takarda, anka ce ga shi, tashi ta hi ta kowa samu. Anka ce kuma ɗanka na yaƙ ƙirga da hannu nai.”

Na ce, “Inna, abin da na gani na rubuta.”

Ta ce, “Na sani. Shi ma hakanan yac ce. Ya ce yaron ba ya ƙarya. Shi ya sa ya yi shiru ya taso.”

Maganar nan ta ƙona ni ƙwarai. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na same shi da yamma yana gyara igiyar jaki, na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baba, katunan nan da samad ke ba ku, kuna sa su?”

Ya ce, “Ina sa su.”

“Kafin jirgi ya zo?”

Ya ɗago ya dube ni. “Da bayan ya wuce ni ka sa su?”

Shi ke nan. A gidanmu ba a yi wa uba tambaya ta uku.

Na koma ofis raina a jagule. Na ɗauko katunan yankin gaba ɗaya, na feshin farko da na biyu da na uku, na shimfiɗa su a ƙasa bisa tsarin gonaki, ina neman ko akwai masu irin halin na babana. Akwai. Wasu gonaki ne ƙalilan a warwatse, a tsakiyar layi, ba itace ko ɗaya kusa da su, su ma katunansu duk iri ɗaya. Maigidana ya taɓa ganinsu ya ce kuskuren ƙirga ne. Na karanta sunayen da ke kansu. Ba Balarabe ko ɗaya, ba matashi ko ɗaya. Dukansu dattawan ƙauyenmu ne, mutanen sahun gaba a masallaci. Iska ba ta san dattijo ba, ba ta san Bahaushe ba. Na gane ashe matsalar ba a sama take ba, a hannun mutane take, sai dai ban san me suke yi ba.

Saura feshi ɗaya kakar ta ƙare. Na roƙi maigidana ya sa wani a kan na'urar iska ya bar ni in tsaya a gona. Ya yarda da ƙyar. Na yanko fararen katuna nawa na kaina, ba rubutu a kansu, na cusa a aljihu.

Na isa gari ya waye, rana ba ta fito ba, sanyi yana cizo. A kusurwar arewa ta gonar, kan iyaka da maƙwabci, babana yana da rumfa ta kara inda yake hutawa da rana. Na hango shi tsaye a kan wani kututture, ya miƙa hannu bisa rufin rumfar. Na matso. Ya shimfiɗa wani tsumma mai tsabta a kan rufin, yana jera katunan a kai ɗaya kusa da ɗaya, yana danne gefen kowane da ɗan dutse don kada iska ta ɗauke. A natse yake yi, da kulawa, ya ma daidaita su kada wani ya rufe wani.

Na ce, “Baba, me kuke yi?”

Bai firgita ba, don shi bai ɓoye komai ba. Ya ce, “Katunanku na. Ga su duka, ban bar ko ɗaya ba.”

“Ai a ƙasa aka ce. Cikin kunyoyi. Ɗaya nan, ɗaya can, ɗaya a wutsiya.”

Ya sauko daga kututturen, ya zaro kati ɗaya ya miƙo mini kusa da fuska. Sunansa ne a kai da hannun akawu, kuma sunan babana yana cikin sunayen nan da ke ƙarewa da sunan Allah.

Ya ce, “Karanta. Kai da anka sa makaranta. Wanga suna za ni sa cikin laka, inda jaki ka takawa, inda kare ka hitsari? Tun ina yaro in na ga takarda da baƙi ga ƙasa ɗauka ni kai in sa ga tsagar bango. Yau da tsuhwana za ni aza ta ƙasa da hannuna?”

Na san wannan. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya sani. Inna ta sha marina a kan takardar shayi mai rubutun Larabci da na yar a tsakar gida. Amma a ofis na saba ganin takardu a ƙasa har idona ya daina gani. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba.

Na ce, “Baba, katin nan shaida ne! Inda aka sa shi, nan yake ba da labari. Kun sa shi a rufin rumfa, ya ba da labarin rufin rumfa. Da shi aka kayar da ku gaban mufattish!”

Ya dube ni. Sannan ya ce a hankali, “Samad ya ce a sa su magani shi same su. To ga shi shina samunsu. Sama da ƙasa ba gona ɗaya ba ta?”

Sai muka fara jin kukan jirgi. Na ruga cikin audugar ina ajiye fararen katunana a ƙasa, goshi, tsakiya, wutsiya, raɓa ta jiƙa mini wando har gwiwa. Na tsaya a tsakiyar gonar na ɗaga kai.

Jirgin ya taho daga arewa ƙasa-ƙasa, kamar zai shafi kan audugar maƙwabta, farin yayyafi na binsa a baya. Ya wuce daidai kan rumfar yana ƙasa, ya jiƙa rufinta. Yana shiga gonar babana sai ya ɗaga hanci. Dole ya ɗaga, ga dogayen itatuwa a gabansa, shi ma matuƙin yana da 'ya'ya. Kafin ya kai inda nake ya yi sama sosai. Maganin da ya saki daga can bai sauko ba. Na ga hasken safiya a cikinsa yana shawagi, iskar arewa ta tallabe shi a hankali ta tsallakar da shi kan itatuwan, ya tafi can bayan tur'a inda ba a shuka komai ba. Jirgin ya zagayo ya sake, ya sake, kowane zuwa haka. Ina tsaye a tsakiyar gona da farar riga, ko wari sosai ban ji ba.

Na kwaso katunana. Na goshi yana da ɗigo kaɗan. Na tsakiya sai ka nema. Na wutsiya fari fat yadda na ajiye shi. Na kawo wa babana na nuna masa, ya jujjuya su a hannu, ya dubi nasa na kan rumfa da suka yi shuɗi da rini. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Ashe.”

Maigidana da ya ga katunan ya ji labarin, tsalle ne kawai bai yi ba. Abin da ya hana shi barci wata da watanni ya warware a safiya ɗaya. Ya cire reshen naɗewar iska ya yar. Ya ce aibin lissafinsa na gaskiya shi ne ya ɗauka jirgi yana tafiya a tsayi ɗaya daga farkon layi har ƙarshe, alhali a ƙarshe hawa yake yi. Ya sa hawan a ciki, ya sa yadda ɗigo ke ƙanƙancewa in ya daɗe a iska, sai ga takarda ta zana abin da fararen katunana suka nuna, kusan daidai. Ya riƙe takardar yana cewa da Larabci, ka gani, ka gani. Na ce masa na gani, amma gonar ta ubana ce, kuma za a karɓe ta. Sai a lokacin ya dube ni kamar mutum. Ba mugu ba ne. Ya ɗauki hularsa ya ce mu je wurin mufattish.

Mufattish ya saurare mu har ƙarshe, ya ba mu shayi. Ya ce ya yarda, bayanin ya shiga hankali, za a gyara tafiyar jirgi baɗi. Amma maganar hawasha ta riga ta wuce hannunsa, ya aika sama tun bayan feshi na uku, da katuna a matsayin hujja. In yana so ya janye, sai ya rubuta dalili. Dalilin kuwa shi ne manomin ya saɓa umarnin ofis sau uku, ya ajiye kayan gwaji inda ba a ce ba, ya jawo wa hukuma asarar aikin kaka guda. Ya dube ni ya ce, “Kana so in rubuta haka? Za su karɓi gonar duk da haka, kuma su bi sauran tsofaffin naku da suka yi irin nasa.”

Gaba kura, baya sayaki. Na yi ta magana, na ce shekaru biyun baya fa, ai ba katuna a lokacin, itatuwa ne. Ya ce shaidar safiya ɗaya ce a hannuna, da katunan da ni ɗan mai gona na ajiye da kaina, ba wanda ya gani. Maigidana ya ce shi zai tsaya mini. Ya rubuta, ya sa hannu, aka aika. Amsa ba ta zo ba sai bayan an gama tsinkar auduga, ta babana ta fito baƙa mai danƙo kamar yadda kowa ya zata. An gode wa maigidana bisa gyaran lissafi. Game da hawasha kuma an ce hukunci ya riga ya zartu.

Na ji haushin kowa a shekarar nan. Na ji haushin akawu da bai ga abin rubutawa ba sai suna, na ji haushin samad da ya raba katuna bai taɓa bin sawu ba, na ji haushin wanda ya dasa itatuwan. Har babana na ji haushinsa, Allah ya yafe mini, na yi makonni ina gaishe shi a tsaitsaye. Shi kuwa bai taɓa cewa ya yi nadama ba, bai kuma taɓa cewa ya yi daidai ba. Abin da na lura da shi kawai, ya daina bin hanyar tur'a in zai je kasuwa, sai ya zagaya ta bayan ƙauye ko da ta fi nisa.

Kaka ta zagayo. Muka daina rubuta suna a kan katuna, lamba kawai muke sawa, tsofaffinmu suka riƙa ajiye su a ƙasa ba gardama. Aka ce wa matuƙi gonakin da ke jingine da itatuwa ya bi su a kwance, gefe da jeren itatuwan, ba ya tunkare su ba, kuma da sassafe kafin iska ta tashi, da bututu mai ɗigo manya. Katunan gonar ƙarshe suka zo, na ƙirga, suka yarda da lissafi tun daga goshi har wutsiya. Tun da na fara aikin ban ga kati da takarda sun yi baki ɗaya haka ba. Gonar kuwa an ba wani mutum daga ƙauyen gaba, mai iyali da yawa, mutumin kirki, ba shi da laifin komai.

Lokacin tsinka maigidana ya aike ni in dubo audugar gonakin bakin tur'a, ya ga ko gyaran ya nuna a amfanin gona. Na bar ta ƙarshe sai ƙarshe, ina ja da baya. Da na iso na tsaya a bakin kunya. Fara tas, ba danƙo, ba baƙi, kowace itaciya ta buɗe har ƙasa. 'Yan tsinka sun bazu a ciki, mata da yara da 'yan maza, kowa da buhu ɗaure a ƙugu. A cikinsu na ga wani tsoho ya sunkuya, hannuwansa biyu suna aiki da sauri irin na wanda ya yi shekara da shekaru yana yi. Tun daga baya na gane shi.

Inna ba ta gaya mini ya koma ƙwadago ba. Ni ina kawo abin da zan iya kowane wata, na ɗauka yana isa. Na shiga cikin audugar, na durƙusa a gabansa a cikin kunya.

Na ce, “Baba, duk gonakin yankin nan, sai wannan?”

Ya ce, “Nan anka ce ana biɗar hannu. Kuma na san kunyoyinta, ba ni ɓata lokaci.”

Ya tsinko guda ya murza ta tsakanin yatsu, ya ja zarenta ya duba a hasken rana, kamar yadda masu gona ke yi.

Ya ce, “Aikinku ya yi, wallahi. Dubi. Na san ƙasag ga ba ta da laihi.”

Hawaye suka zubo mini a gaban mata da yara, ban damu ba. Ya yi kamar bai gani ba. Ya ɗaure bakin buhunsa da ya cika, ya dubi inda ake awo can bakin hanya, inda sabon mai gonar ke zaune a inuwa yana jira.

Na miƙa hannu zan ɗauka. Ya ce a'a, tufafin ofis ne a jikina, kuma kowa shi ke kai nasa.

Ya ce, “Kama mini dai in aza.”

Na kama masa, ya aza a ka, ya tafi.